Riƙo ba haihuwa ba ne

Salamu alaikum Malam mai shiri, ina gaisuwa. Ni ce Hajara uwar Sani daga Gidan Sori, kuma wallahi raina a ɓace yake.

Lokacin zaɓen nan, wani dangin mijina mai neman kujerar konseye, wato kansila, ya zana asalin dangi tun daga kakanni, ya watsa a wasap don kowa ya san shi nasa ne. Bai tambayi tsoho ko ɗaya ba. Sai ya sa marigayi mijina cikin ɗiyan baffansa na Gangara. Malam, riƙonsa kawai aka ba baffan nan bayan yaye! Riƙo haihuwa ne?

Damina ta matso, muka je sharar gonar gado ni da Sani, sai ƙanen mijina ya tare mu da salula, wato wayar hannu, yana cewa: "Matar yaya, ga shi a rubuce, gadonku na Gangara." Shi da suka sha nono ɗaya da mijina!

Gwaggo Tani da ta goya mijina zuwa Gangara tana nan da ranta, amma ba wanda ya tambaye ta. Masu saurare, ku ba ni shawara. In ɗora ta a amalanke zuwa gaban mai gari, ko shi ma salula zai duba?