Karen Hajiya Khaula

A ɗakin jira na wani asibiti kusa da Ƙofar Atiku, wata dattijuwa ta zauna kusa da wata matashiya mai riƙe da zanen goyo babu yaro.

"Ɗiyata, wa kika kawo?"

"Ɗana Siddiƙu, Inna. Karen maƙwabciyata yac cije shi ga ƙauri."

"Subhanallahi. Ba a ɗaure shi?"

"Ana ɗaure shi. Yaron ne ba ya zama gida. Kullum shina can wajen Hajiya Khaula mai karen, wai tana ba shi madara. Kunnen karen ya ja, karen kuwa shina cin abinci."

"Kin ƙona gashin karen kin shafa mishi?"

"Shi na tafi roƙo, tac ce wannan ba magani ba ne. Ta wanke ciwon da sabulu a famfo, ta sa shi mota, ni ina biye a keke kamar 'yar aiki."

"To ai ta kyauta. Ba a wasa da ciwon haukan kare."

"Ta kyauta? Karenta ne fa. Shi da likitansa, shi da namansa kullum."

"Ke kuma mi kike yi nan waje? Ana yi wa yaro allura, uwa tana benci?"

Matashiyar ta ninke zanen goyon ta ɗora a cinya.

"Na shiga, Inna. Da ya ga allurar sai ya fasa kuka yana kiran Mama. Na miƙa mishi hannu, ashe ba ni yake kira ba."