Wankan jego a ƙasar ƙanƙara

Assalamu alaikum, ɗana mai gabatarwa. Inna Tumba ce daga Illela, kuma yau ba wasa ya kawo ni ba.

Jikana Sanusi, wanda na goya tun yana jinjiri, ya tafi karatu Finlan ya auri 'yar Indunusiya, Nuraini. Cikinta ya tsufa, haihuwar fari. Sun ce in zo, ni da ban taɓa wuce Ƙonni ba. Uwarta ma za ta zo, ita ma ba ta taɓa fita daga ƙasarsu ba.

Shekaranjiya Sanusi ya haɗa ni da uwar matar a waya mai hoto. Ba ta jin Hausa, sai nuni. Ta buɗe akwatinta, rigunan sanyi fal. Na buɗe nawa: kanwa, gero, ganyen dogon yaro. Sanusi ya dafe kai ya ce, "Inna, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Kuma a bene muke, ina za ki hura icce?" Na ce, "Ja'iri, to da mi zan gasa maka matar, da numfashina?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Sanyin jego ne ya ɗauke mini uwarsa.

Don Allah, masu sauraro, duk wadda ta taɓa jego a can, ta faɗa mini dabara. In ba haka ba, zan ɗinke kanwar nan cikin zanena. Kuka ji an kama tsohuwa a filin jirgi, ni ce, ku zo beli.