Ƙofar Ofishin Lasisi

A bencin ofishin lasisin manyan motoci, wani dattijon direba ya juyo ga na kusa da shi.

"Malam, ka ji zalunci! Wai ba lasisin dakon kaya sai an duba tirelata a harabarsu. Ƙofar kuwa ko akori-kura da ƙyar take shiga!"

"Tawa ta shiga, Baba."

"Ta yaya?"

"Ka ga sabon ginshiƙin can? Ni na kayar da tsohon."

"To, ai ka huta."

"Ina hutu! Mai dubawa ya ce ba ya sa wa mota mai fasasshiyar fitila hannu. Wai in gyara, in sake shigo da ita. Sabon ginshiƙin kuma, daidai gurbin tsohon suka gina shi!"