Tukunyar Shisha Ta Yi Ritaya

A rumfar mai kayan shisha, wani direba ya dire tukunyarsa ta gilashi kan tebur, bakinsa har kunne.

"Sabon tiyo za a sa mata?" in ji mai rumfa.

"Tsohon ma cire shi. Furanni maiɗakina za ta zuba a ciki."

"Haba, yallaɓai!"

"Wata bakwai rabona da hura mata gawayi. Jiya na saɓa 'yata a wuya har hawa na huɗu, ko haki ban yi ba!"

"Hayaƙin 'ya'yan itace ne fa, ba ya komai..." Tari ya sarƙe mai rumfa. Da ya lafa, ya yi ƙasa da murya. "Ɗan'uwa, ya aka yi ka daina?"

"Miƙo taka tukunyar tukuna. Furannin sun yi mana yawa."