Hoton Salisu a Jikin Motar Albasa

A bakin gadar Onitsha, inda ake sauke albasa, Zakiyya ta tare direban wata babbar mota da ke shirin komawa Arewa. Tana riƙe da akwatin ƙungiyar neman yaran da suka ɓata, da hotunansu.

"Malam direba, a taimaka wa yaran da suka ɓata."

"Baiwar Allah, matsa mini, sauri nake. Ko kuɗin mai ban haɗa ba."

"Ba sai kuɗi ba. Wani katin waya yake ba mu, wani ya ara mana lasifika mu yi cigiya. Kai jikin motarka nake roƙo."

"Motar da aka yi wa fenti jiya? Ki ɓata mini ita da gam?"

"Hoto ɗaya ne. Kai har Sakkwato za ka, ni kuwa ƙafata ba ta wuce kasuwar nan."

Ya fizgi hoton ya duba, sannan ya dube ta.

"Wannan ai hancinki ne."

"Ɗana ne, Salisu. Tun azumin bara nake nemansa."

Ana ta danna masa hon daga baya, bai waiwaya ba.

"Manna, yi sauri. A'a, me ya kai ki durƙusawa? Sa shi sama, inda mutane za su gani."

"Daidai tsayinsa nake sawa. Bai iya karatu ba, amma ya san fuskarsa."

Direban ya kashe motar ya sauko.

"To ɗaga shi kaɗan, 'yar'uwa. Daga azumin bara zuwa yau ai ya ƙara tsayi."