Harsashin Biki

A layin shagon aika kaya na unguwar Hindawiyya a Jidda, Naja'atu ta ji dattijon da ke gabanta ya ce garin Gadarif za a kai akwatinsa. Nan take ta miƙa masa takarda.

"Baba, ashe ɗan gida ne. Sa mana hannu. Hukumar garinmu muke roƙo ta hana harba bindiga a wurin biki, ta ware kuɗin karɓe bindigogin."

"'Yata, iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, na hannun kafili, ubangidana. Ba na son abin da zai jawo mini magana."

"Ba a Jidda za a karanta ta ba. Gida zan kai ta da ƙafata, ko sau goma za su kore ni."

"Biki ba harbi ai zaman makoki ne. Haka muka taso muka tarar."

"Zaman makokin na yi shi, Baba. 'Yata Bashira tana shanya a tsakar gida harsashi ya sauko mata a ka. Bikin ma ba a unguwarmu ake yi ba."

"Ai mai harbin ba da gangan ya yi ba! Sama ya saita. Murna ce kawai, ƙaninsa ke aure, wa ya san..."

"Ni ban ambaci ƙanin kowa ba."

"Ba maganar 'yarki ba ce. Wani gari ne, shekara sha tara ke nan." Ya share gumi. "Yaron da harsashina ya samu ya rayu, amma ba ya tafiya."

Naja'atu ta cire murfin biro. "Halas, shi ke nan, Baba. Sa hannu."

"Kawo. Sunana zan rubuta cikakke, har da na kakana, su san ni ne."