Mai Duba Tukunyar Gas da Ashana

Tun da na ga mutumin zaune kan tukunyar gas, jikina ya ba ni ba lafiya ba. Muna jiran mota a Ƙofar Kibo, ya dubi wani dattijo mai galan ɗin kananzir.

"Baba, har yanzu da risho kake ɗumama ɗaki? Hayaƙi zai kashe ka."

"Gara hayaƙi, Malam, shi yana sallama kafin ya shigo. Taka in tana yoyo fa?"

"Kullum ina dubawa. Ashana nake ƙyastawa a bakinta."

"Allah ya jiƙan maƙwabta. Ina kake zaune?"

"Yau zan tare a Limancin Kona, ɗakin da tela ya tashi."

Teloli biyu ne suka tashi a layinmu na Limancin Kona, ɗaya bangonsa haɗe da ɗakin yarana. Har yanzu ban san ɗakin wanne ya kama ba.